Idan allon waya ya ƙi mutuwa lokacin kira

Na'urar da ke kashe allo idan ka kai waya kunne tana can sama, dab da lasifikar kunne. A yawancin wayoyi, haske take harbawa wanda ido ba ya gani, ta gane fuska a tazarar kimanin santimita 5. Ƙurar hunturun Marwa da Garwa kan toshe ta, sai kunci ya riƙa danne-danne, ko allo ya ƙi dawowa.

Goge wurin da busasshiyar auduga. Ɓare gilashin kariya in ya rufe ta, musamman mai baƙin gefe. A Samsung, buga *#0*#, shiga Sensor, ka ɗora tafin hannu a kan na'urar: lafiyayya takan mayar da allo kore.

In bayan canjin allo abin ya fara, mai yiwuwa mai gyara ne ya manta robar da ke zagaye na'urar. Koma masa ya saka.