Darasi na Bakwai: Idan Aka Ce Za a Rage Ma'aikata

Wani lokaci kamfani ko ma'aikata kan yi garambawul. A haɗe sashe biyu su koma ɗaya, ko a kawo injin da zai yi aikin mutane da yawa, ko ciniki ya ja baya a rufe wani reshe. Sai a wayi gari a ce wasu guraben ba a bukatarsu. Wannan shi ne rage ma'aikata. Wanda abin ya shafa bai yi sata ba, bai yi fashin aiki ba, aikin ne ya ƙare. A riƙe wannan da kyau, domin haƙƙin wanda aka rage daban yake da na wanda aka kora bisa laifi, daban kuma da na wanda ya ajiye aiki don kansa.

Ga misali. Wani dattijo mai kula da sito ya zo wurin wakilin ƙungiyarsu ta ƙwadago da takarda a ninke cikin aljihu.

"Ɗana, duba mini wannan. An ce in sa hannu yau, gobe a ba ni kuɗina."

Wakilin ya karanta, ya sake karantawa. "Baba, ka sa hannu?"

"Tukuna. Idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan."

"Madalla. Nan an rubuta cewa kai ne ka nemi ajiye aiki. Da ka sa hannu, kuɗin sallama zai iya kuɓuce maka. Bar ta a wurina in yi hoto, mu koma ofis tare."

Abin da dattijon nan ya yi shi ne daidai. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba, ko da an matsa maka da cewa yau ce ranar ƙarshe. Ka ce a ba ka lokaci, ka nemi kwafi, ka kai wa wakilin ƙungiya ya karanta maka da babbar murya. Babu abin kunya a ciki. Masu digiri ma sukan nemi lauya kafin su sa hannu.

Ƙungiyar ƙwadago tana da hurumin shiga maganar nan. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkokin aiki), wadda aka kafa a 1919, ta fitar da Yarjejeniya mai lamba 158 a 1982. A ciki an ce mai ɗaukar ma'aikata da ke shirin rage mutane ya sanar da wakilan ma'aikata da wuri: mene ne dalili, mutum nawa ne, a wane rukuni, kuma cikin wane lokaci. Sannan ya zauna da su a nemi hanyar kauce wa sallamar ko rage yawanta. Ba kowace ƙasa ce ta amince da yarjejeniyar ba, don haka dokar ƙasarku da yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da mai aiki su ne abin dubawa. A Birtaniya, in za a rage mutum 20 zuwa 99 a wuri ɗaya, dole a fara tattaunawa kwana 30 kafin sallamar farko. In sun kai 100, kwana 45. A Najeriya, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta sanar da ƙungiya dalilin ragewar da girmanta, ya kuma ce wanda ya shigo daga baya shi ke fara fita, amma tare da duba ƙwarewa da riƙon amana.

A teburin tattaunawa, tambayar farko ita ce: dole ne a sallami mutane? Ƙungiya kan kawo shawarar a dakatar da ɗaukar sababbi, a rage aikin bayan lokaci, a mayar da wasu wani sashe bayan an koya musu aikin can, ko a fara da masu son tafiya da kansu a kan kuɗi mai kyau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganar da za a yi watsi da ita daga bakin mutum ɗaya, akan saurare ta in ta fito daga bakin taro.

Sai batun zaɓen waɗanda za su tafi, kuma a ganina nan ne zalunci ya fi ɓuya. Shugaban sashe na iya fakewa da garambawul ya cire wanda ba ya so. Shi ya sa ƙungiya ke dagewa a rubuta ma'aunin zaɓe kowa ya gani. Juna biyu, addini, jinsi ko zama ɗan ƙungiya ba dalilin sallama ba ne. In ka ga alamar haka, ka faɗa wa wakilinku tun kafin a kafe sunaye.

Gaskiya ita ce ƙungiya ba kullum take iya ceto aikin ba. In tafiyar ta tabbata, aikinta ya koma lissafi: kuɗin sallama gwargwadon shekarun aiki da albashi, kuɗin notis, albashin da aka biyo bashi, kuɗin hutun da ba ka tafi ba, da kuɗin fanshon da aka cire ko an zuba shi inda ya dace. Ka karɓi takardar shaidar aiki, za ta yi maka amfani wajen neman wani. In an taka doka, ƙungiya na iya kai ƙara gaban hukumar ƙwadago ko kotun ma'aikata, kuma akan ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, don haka kada a yi jinkiri.

Aikin gida: ka nemo takardar ɗaukarka aiki, da takardun albashinka na baya-bayan nan, da katin ƙungiya, ka haɗa su wuri ɗaya. A littafinka ka rubuta ranar da ka fara aiki, ka lissafa shekarunka, ka kawo mu duba tare a darasi mai zuwa.