Kwanan wata na juyewa a Excel: kurakuran da na fi gani

Kwanaki wani ƙanena ya zo shagona nan Birnin Kebbi da filasha, jerin manoman shinkafa ne na wajen Argungu da ranar da kowa ya karɓi taki, fayil ɗin CSV, wato na rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa. Yana buɗewa sai ga wani manomi wai ya karɓa 4 ga Maris alhali shi da kansa ya ba shi ranar 3 ga Afrilu. Ya ce Yaya ko bairos ne? Na ce ba bairos ba ne, danna fayil ɗin da ka yi sau biyu ne ya jawo.

Mu nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Amurka wata ne gaba. Yawancin kwamfutocin da muke saye tokumbo kuwa da saitin Amurka suke zuwa, to Excel na ganin 03/04/2024 sai ya ɗauka 4 ga Maris ne, ba zai tambaye ka ba. Ita kuma 13/04/2024 tunda babu wata na 13 sai ya bar ta rubutu kawai. Ka duba da idonka, waɗanda ya karɓa a matsayin kwanan wata suna jingine dama, waɗanda ya ƙi suna hagu. Wallahi wanga shi ya fi ci mani rai, don na hagun ai ana ganinsu, na damar ne suka juye shiru, duk ranar da ta faɗo tsakanin 1 da 12, kuma haka za a kai rahoto ofis ba wanda ya lura.

Kuskure na biyu, mutum ya shiga Format Cells ya canza fomat yana zaton ya gyara. Riga kawai ka canza mata, ranar da ke ciki tana nan a juye. Kuma dan Allah kar ka yi sebin a kan fayil na asali, in ka yi ɓarnar ta zauna.

Rufe shi haka nan. Buɗe sabon Excel, je Data, zaɓi From Text/CSV, ka shiga Transform Data, a layin kwanan watan ka canza nau'insa ta Using Locale ka zaɓi Date da Ingilishin Ingila. In duk layin rubutu ne bai juye ba, Text to Columns ma ya isa, a mataki na 3 ka zaɓi Date sannan DMY, wato rana, wata, shekara. Ka kuma je Region a Windows ka mayar Najeriya. Google Sheets kuwa saitin ƙasarsa na cikin File, Settings.

In ka ga lamba kamar 45292 kar hankalinka ya tashi, kwanaki Excel ke ƙirgawa tun 1 ga Janairu 1900, wannan 1 ga Janairu 2024 ke nan, nan kam Format Cells na aiki. ##### kuma faɗaɗa layin kawai.

Sai masu gajarta shekara. Ka rubuta magani zai lalace 01/06/30 kana nufin 2030, kwamfutoci da yawa 1930 za su karanta. Ni yanzu duk mai kawo mani aiki ce masa nake ya rubuta 2024-04-03, shekara, wata, rana, ko a wace kwamfuta aka buɗe ba ta juyewa. Ƙanen nawa sai da muka koma wayar da aka tattara bayanan muka sake fitar da fayil ɗin, don ya riga ya yi sebin.