Yadda Ake Sayen Gida A Kano Har Mallaka Ta Tabbata A Idon Doka

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa da zarar an yi sallama, an biya kuɗi a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu a takarda, to ciniki ya ƙare. A wajen hukuma kuwa da sauran aiki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da mai gida yake sayar maka shi ne ginin da haƙƙin zama a kan filin, wanda takardar shaidar mallaka, wato C of O, take nunawa, galibi na tsawon shekara 99.

Mataki na farko shi ne ka nemi lauyanka na kanka tun kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Dillali yana da amfaninsa, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka bai dace ya zama shi ne mai gaya maka cewa takardu sun cika ba. Haka kuma lauyan mai sayarwa aikin wanda ya ɗauke shi yake yi.

Daga nan sai ka nemi kwafin duk takardun gidan, ka fahimci irin filin da aka gina shi a kai. Idan awon gwamnati ne, za a samu takardar mallaka mai lamba, da taswirar safiyo, da rasit na harajin ƙasa na shekara-shekara. Idan awon igiya ne, kamar yadda unguwanni da dama na gefen birni suke, sau da yawa abin da za a nuna maka takardun cinikin da suka gabata ne kawai, kuma a nan wajibi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai gonar asali, a tabbatar babu inda igiyar ta tsinke.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne bincike a hukumar ƙasa. A Kano lauyanka zai shigar da buƙata a Ma'aikatar Ƙasa da hukumar KANGIS mai ajiye bayanan filaye, kamar yadda ake yi a KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, domin a buɗe fayil ɗin gidan. A cikinsa ne za a ga sunan wanda hukuma ta sani a matsayin mai gida, a ga ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin haraji, ko an soke takardar, domin sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Ya kamata kuma a leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA a tabbatar ginin bai hau hanya ko magudanar ruwa ba. Bayan haka ka je da ƙafarka tare da safiyo, ya ɗora awonsa a kan taswira, ku ga ko faɗi da tsawo sun yi daidai da abin da aka rubuta. Ka gaisa da maƙwabta, ka tambayi mai unguwa, ka tambayi masu haya wa suke kai wa kuɗi. Tsohon da ke zaune a dakalin ƙofar gida kusa da masallaci yakan san rigimar da babu ita a kowane fayil.

Gidan gado yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa don kawai takardu suna ajiye a ɗakinsa, kuma matan da ke gidajen aurensu da marayu ƙanana suna da haƙƙinsu cikakke. Ka nemi takardar rabon gado daga kotun Shari'a, ko kuma kowane magaji ya sa hannu da kansa. Ka tuna kuma da haƙƙin shufa'a a mazhabar Malikiyya: idan gidan na tarayya ne ba a raba shi ba, abokin tarayya yana iya biyan kuɗin da ka biya ya karɓe kason da ka saya.

Idan bincike ya fito lafiya, sai lauya ya rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da farashi, da ranar cika kuɗi, da ranar miƙa makulli, da abin da zai faru da kafin alƙalami idan wani ya janye. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da ya haura naira miliyan 5 ba ta hannun banki ba, kuma shaidar banki hujja ce da za ta tsaya maka a kotu.

Ranar cika kuɗi ake sa hannu a takardar miƙa mallaka, wadda lauyoyi ke kira Deed of Assignment, a gaban shaidu, kuma a ranar za ka karɓi takardun asali da makullai. Kada ka yarda a sallame ka da takardar wakilci kaɗai, domin ita izini ce ta yin aiki a madadin wani, ba ta mayar da gida naka.

Sauran aikin shi ne wanda mutane suka fi watsi da shi saboda kuɗi da jeka-ka-dawo. Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a miƙa haƙƙin fili ga wani, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Za a ƙiyasta darajar gidan, ka biya kuɗin amincewa da harajin hatimi da kuɗin rajista, sannan a shigar da takardar a rajistar ƙasa. Idan marar tsoron Allah ya sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, wanda ya riga yin rajista ba tare da sanin cinikin farko ba shi ne yakan yi rinjaye.

Shi ma mai sayarwa yana da nasa nauyin: ya biya bashin harajin ƙasa, ya fanso takardarsa idan tana banki, ya sanar da masu haya a rubuce, ya kuma sa hannu a takardar neman amincewar gwamna, tunda a doka shi ne mai neman. Ya ajiye kwafin duk abin da ya sa wa hannu, kada kuma ya saki takardar asali sai bankinsa ya tabbatar masa kuɗi sun shiga.