Idan memorin sabarka na ƙaruwa duk lokacin da aka sabunta Apache

Akwai wata sabar da nake kula da ita da ta riƙa mutuwa da asuba, kusan duk bayan mako uku. Da na buga `dmesg` sai na ga Linux ce da kanta ke kashe Apache, manhajar da ke miƙa wa masu shiga shafukan intanet, don memori ya ƙare, alhali masu shiga shafin ba su ƙaru ba.

Da farko ka tabbatar yoyo ne, wato manhaja na ɗaukar memori ba ta mayarwa. Buga `free -m`, ka kalli adadin da ke ƙarƙashin `available`. Linux kan ajiye fayiloli a memorin da ke zaune banza, ta sake shi in an buƙata, wannan kuwa ba ciwo ba ne.

Ga inda na daɗe ban gane ba. Apache na gudana ne a matsayin uwa ɗaya da ke haifar 'ya'ya masu amsa masu shiga. `apachectl graceful`, umarnin sabunta shi ba tare da tsayar da shi ba, ba ya kashe Apache gaba ɗaya. 'Ya'yan ne ke gama aikinsu su fita, uwar tana nan da lambarta (PID), sai dai ta sake karanta saituna ta sake loda modul-modul, wato ƙananan sassan da ake jona wa Apache. Duk modul ɗin da bai mayar da abin da ya ɗauka ba, uwar ce ke riƙe da shi, sababbin 'ya'ya kuma su gada. Kuma `logrotate`, mai juya fayilolin log, na yin wannan sabuntawar a kai a kai kana barci.

Don haka ka auna da hannunka, a sabar gwaji in da hali. Buga `ps -o pid,ppid,rss,cmd -C apache2`, ko `httpd` in kana kan dangin Red Hat. Rubuta RSS na uwar, wato yawan memorin da take riƙe da shi, a takarda. Yi `graceful` sau 20, kana ɗan dakatawa tsakani, ka sake dubawa. Tawa ta riƙa hawa kowane zagaye, ba ta sauka ko sau ɗaya. In ka ga haka, cire modul ɗaya (da `a2dismod` in kana kan dangin Debian), tayar da Apache sabo, ka maimaita awon. Aiki ne mai gajiyarwa, amma kada ka cire biyu tare, don ba za ka san mai laifin ba. Nawa wani ƙarin PHP (extension) ne a cikin `mod_php`, modul ɗin da ke gudanar da PHP a cikin Apache. Na mayar da PHP kan PHP-FPM, mai gudanar da shi a wajen Apache, yoyon ya tsaya.

In uwar ba ta motsa ba, 'ya'yan ne ke kumbura, duba `MaxConnectionsPerChild`, adadin haɗuwar da ɗa zai karɓa kafin ya fita. Asalinsa 0 ne, wato ɗa ba ya mutuwa. Sa masa kamar 5000. Wannan rage zafi ne kawai, ka ci gaba da neman tushen.

Mai amfani da Nginx maimakon Apache ya duba tsofaffin ma'aikata, wato 'ya'yansa, masu alamar `shutting down`. Doguwar haɗuwa irin ta WebSocket kan hana su fita, su yi ta taruwa. Saitin `worker_shutdown_timeout` ne maganinsu.

In kuma Apache ya ƙi tashi yana cewa `No space left on device` alhali faifai da sarari, buga `ipcs -s` ka ga semaphore, wato makullan da manhajoji ke bin layi da su. Tsayar da Apache tukuna, sannan ka goge waɗanda ya bari da `ipcrm`, nasa kaɗai.