Yadda nake sauya wa jita murya

Ranar Asabar ni ke riƙe da jitar lantarki a ƙungiyarmu ta kiɗan rok a nan Bauchi. Sauran ranaku kuwa ina ɗakina a Yalwa, ina wani aiki ni kaɗai wanda ya fi kwanta mini a rai: neman muryar gurmi a cikin jita. Ba ni na fara cusa wa jita tarkace ba. Wani Bature ɗan Ingila, Fred Frith, ya fitar da faifai a kan haka tun 1974. Ga yadda nake nawa.

Ka samo kwalin ashana, ka yanko siriri kamar faɗin yatsa. Saƙa shi tsakanin tsirkiyoyi, sama da wannan, ƙasa da waccan, nisan yatsu biyu daga inda suka sauka a gindin jita. Ka kaɗa. Za ka ji amon ya gajarce, ya bushe, yana 'yar rawa kamar fata ce a ƙasansa. A nan haƙuri yake. Ka riƙa tura kwalin kaɗan-kaɗan kana saurare, domin in ya matsa ciki da yawa sai sautin ya mutu, in ya manne da gindi kuma kamar ba ka sa komai ba. Na taɓa cin awa guda a kan wannan kawai, ban ji na yi asara ba.

Rage ƙarar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ka cire duk abin da ke sa sauti kaushi. Tsirkiya biyu ta ishe ka. Ɗan Maraya Jos da guda ɗaya ya yi rayuwarsa a kuntigi.

Ƙarfe kam a yi hattara. Na taɓa cusa ƙusa ƙarƙashin tsirkiyoyi, ta tsinke mini ɗaya, ta bar tabo a wuyan jita har yau.

Sai abin da zai riƙe kiɗan daga ƙasa. Ni ƙarar injin markaɗen maƙwabtanmu nake ɗauka a waya da hantsi, minti uku. Sai in kunna, in yi ta murɗa maɗaurin kakkaurar tsirkiya ta sama har gurnaninta ya haɗu da na injin, karkarwar da ke tsakaninsu ta lafa. Daga nan ka kashe fanka, ka ajiye wata wayar taƙi ɗaya daga sifika, ka fara ɗauka.