Yadda Za Ku Karrama Masu Sulhu a Unguwarku Ba Tare da Kun Jefa Su Cikin Matsala Ba

A ranar 23 ga Yunin 2018, lokacin da mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, sannan ya fito ya tsaya gaban masu bindiga ya ƙi miƙa su. A lokacin dattijo ne da ya haura shekara 80. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta kare 'yancin addini.

Labarinsa ya fita duniya ne saboda girman abin da ya faru. Amma kusan kowace unguwa tana da nata, waɗanda aikinsu bai taɓa shiga rediyo ba: na'ibin liman da ke tare matasa a bakin layi idan jita-jita ta tashi, shugabar zumuntar mata da ke raka bazawara kotu kan gadon marayunta, malamar Islamiyya da ke bin yaran da aka tsare ba shari'a. Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Kaduna, kuma abin da zan faɗa daga wannan kujerar na gan shi. Karrama irin waɗannan mutane abu ne mai kyau, amma in aka yi shi da garaje yana iya kashe musu aikin gaba ɗaya.

Nemo wanda ya yi aikin

Kada ku buɗe zaɓe a WhatsApp. Wanda ya fi yawan mabiya ne zai ci, kuma mai sulhu na gaskiya sau da yawa ƙaramar waya ce a aljihunsa. Ku fita da ƙafa. Ku fara da mai unguwa don girmamawa, amma kada ku tsaya nan. Ku je wurin injin niƙa da hantsi lokacin da mata suka taru, ku je tashar 'yan acaɓa, ku ga ungozoma, ku ga shugaban 'yan sintiri, ku leƙa caji ofis ku tambayi wa ya saba zuwa da dare karɓar belin yaran da ba nasa ba. Tambaya ɗaya ta ishe ku ko'ina: ranar da abu ya ɓaci, ƙofar wa kuka buga?

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne sunan mutum ya fito daga bakin waɗanda ba nasa ba. In liman ne, a ji mutanen coci sun ambace shi da kansu. In fasto ne, a ji daga sahun masallaci. In tsakanin manoma da makiyaya ne, ardo da sarkin noma su haɗu a kan suna ɗaya ba tare da an faɗa wa ɗaya abin da ɗayan ya ce ba.

Kwamitin zaɓen ya zama ƙarami, da Musulmi da Kirista in unguwar gauraye ce, da mata a ciki waɗanda za su yi magana a saurare su. Duk wanda ke kwamitin ba a karrama shi a wannan shekarar, kuma duk mai neman takara ya jira a waje. Ba a karɓar ko kwabo daga wanda za a karrama. Mun sha ganin ƙungiyoyin da ke kai wa mutum wasiƙar lambar yabo da lambar asusun banki a ƙasanta, kuma irin wannan ne ya zubar da darajar karramawa a idon jama'a.

Sunayen mata sukan maƙale a hanya saboda aikinsu a cikin gidaje yake, don haka ku tuntuɓi reshen FOMWAN (haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Nijeriya) na yankinku da zumuntar matan coci ku tambaye su kai tsaye. Sannan in aikin na mutum biyu ne, to a karrama su tare. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a rikicin Kaduna da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Daga 1995 suka fara aiki tare, har suka taimaka aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu. Wanda ya ɗauki ɗayansu ya bar ɗaya bai fahimci aikin ba. Haka abin yake a unguwa: kuna ɗaga ɗaya ku bar abokin tafiyarsa, kun shuka wani abu a tsakaninsu da ba za ku iya cirewa ba.

Ku nemi izininsa, kuma ku ji amsar da ya bayar

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. Mutane na son su yi wa wanda za a karrama ba-zata. Ku bar wannan. Mutum biyu daga kwamiti su je gidansa bayan la'asar, a gaisa, a faɗa masa abin da ake nufi.

Da yawa za su ce a'a, musamman malamai, don tsoron riya. Wannan tsoro ne na gaskiya, kada ku yi masa dariya. Kuna iya tuna masa hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ku ce nauyin godiyar a kanku yake, kuma kuna son yaran unguwa su ga cewa ba mai kuɗi da mai mulki kaɗai ake miƙewa dominsa ba. In fasto ne, ya san abin da Matiyu 5:9 ya faɗa kan albarkar masu kawo salama fiye da ku. Amma in ya sake cewa a'a, magana ta ƙare. Ku tara dattawa kaɗan ku je zaurensa ku yi masa godiya da addu'a, ku ajiye abin da kuka kawo, ku tafi. Ita ma karramawa ce cikakkiya.

Akwai kuma wanda a'arsa ta tsaron rai ce. Mai shiga tsakani yakan sha suka daga mutanensa kafin na waje: a ce an saye shi, a ce munafuki ne, a ce ya sayar da addini. Hotonsa yana rungume da shugaban ɗaya ɓangaren, in ya yaɗu a Facebook ko TikTok, yana iya zama makami a hannun masu neman sa. Wanda ya taɓa kai saƙo daji aka sako wani da aka sace, ko ya taɓa tsegunta wa hukuma wani shiri, ba a ambatar wannan a lasifika ko da shekaru sun wuce. Ku tambaye shi dalla-dalla: me za a faɗa, me za a bari, a ɗauki hoto ko kada a ɗauka, a gayyaci 'yan jarida ko a'a.

Kuma ku kai masa takardar da za a karanta ya gani tun kafin ranar. Na taɓa zama a tabarma ina kallon wani dattijo yana bin irin wannan takarda da yatsa, gilashinsa a kan hanci. Da ya zo wani layi sai ya karɓi birona ya ja masa zane biyu, ya ce, "Ɗana, wannan ku cire. Yarinyar ta yi aure, 'ya'yanta suna makarantar nan da za ku yi taron." Ba mu sa sunanta ba, amma ya san duk unguwar za ta gane. Sirrin mutanen da ya sulhunta amana ce a wuyansa, kuma ranar da ya fita ta bakinku, babu mai sake kawo masa matsalarsa.

Abin da za a karanta

Ku rage kalmomin gwarzo, jajirtacce, haziƙi. Kowa ana faɗa masa su. Ku faɗi abin da mutumin ya yi da ƙafarsa da bakinsa, gwargwadon abin da ya yarda a faɗa. Misali: a damunar bara shanu sun shiga gonar dawa, matasa sun fara taruwa da gora, shi kuwa ya tafi ruga a ƙafa ya taho da ardo, ya kira sarkin noma, aka zaga gonar aka ƙiyasta ɓarna a gaban kowa, aka yanka abin da za a biya, kuma bai bar maganar ba sai da kuɗin ya shiga hannun mai gona. Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya ji wannan ya koyi yadda ake yi. A karanta da Hausa, sannan da yaren da ɗaya ɓangaren ke ji in akwai.

Wuri, rana, da wa zai hau mumbari

Filin makarantar firamare ko ƙofar gidan hakimi sun fi ɗakin taro na otal, domin kowa na iya shigowa da takalmin da ke ƙafarsa, kuma kuɗin haya ya tafi inda ya fi amfani. Ku kauce wa Juma'a da rana da Lahadi da safe. Asabar da hantsi ta fi, a tashi kafin azahar. Wasu na son 21 ga Satumba, ranar zaman lafiya ta duniya, ba laifi, sai dai a tanadi rumfa don ruwa bai gama ɗaukewa ba. A ƙauye gara a bari a gama girbi. Liman ya buɗe da addu'a yadda addininsa ya koyar, fasto ya rufe yadda nasa ya koyar, kada a matsa wa kowa ya ce amin a kan abin da bai yi imani da shi ba. Abinci ya zama wanda kowa zai sa hannu a ciki hankali kwance.

'Yan siyasa kuwa, ku gayyace su in kuna so, kansila da ciyaman su zauna a kujerar gaba. Amma ba su za su miƙa kyautar ba, ba hular jam'iyya, ba liƙa hotunan 'yan takara, kuma ba a yin taron a kakar kamfe. Jarin mai sulhu shi ne ba a san shi da kowa ba. Da zarar an ce mutumin wane ne, rabin unguwa ta daina sauraron sa. Wanda ya fi cancanta ya miƙa kyautar shi ne wani daga cikin waɗanda suka amfana, musamman daga ɗaya ɓangaren, in ya yarda ya fito. Ni ba na son a kawo maroƙa wannan taro, ba don raina sana'arsu ba, sai don kirari yakan karkata zuwa inda liƙi ke fitowa, a wayi gari an manta da wanda aka taru dominsa.

Me za a ba shi

Allon yabo na katako ko takardar shaida a firam ba laifi, a yi mai sauƙin kuɗi. Amma kafin ku kashe sauran, ku aika wata daga kwamiti ta zauna da matarsa, ko mijinta in mace ce, ta tambayi abin da aikin ke ci. Amsar kusan kullum ɗaya ce: man babur, katin waya, kuɗin mota zuwa kotu da asibiti, kuɗin buga takardu, da abincin baƙin da ke cika zaure. Wasu har bashi suke ci su cike diyya don magana ta mutu. Malamai da yawa sun sanya wanda ya ci bashi don sulhunta mutane cikin masu bashin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka, don haka ku tuntuɓi malamin unguwarku, wataƙila akwai hanyar sauke masa wannan nauyi da ba ku yi tunani ba.

Kuɗin ya fito daga hannu da yawa, ɗari biyar ɗin mai shayi da dubu ashirin ɗin ɗan kasuwa, a rubuta, a karanta lissafin a gaban jama'a. Kyauta babba daga attajiri ɗaya tana ɗaure wa mai sulhu baki ranar da rigima ta biyo ta ƙofar attajirin. Kada ku manta da uwargidan da ke dafa wa masu rigima tuwo tsakar dare. Turmin atamfa da ambaton ta a gaban mutane haƙƙinta ne. In wanda ake karramawa ya rasu, ku ɗauki kuɗin makarantar marayunsa na zango ko na shekara, ku faɗi iya abin da za ku iya, ku cika.

Kada a yi ta jira sai an ga an yaba masa daga waje. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa ta marayu a Maiduguri a 2007, daga baya ta riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan mayaƙan kansu a aji ɗaya. Sai a 2017 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen. Shekarun da ke tsakani su ne lokacin da irin wannan aiki ya fi buƙatar maƙwabta.

Bayan an naɗe tabarma

Da izininsa, ku sa wani matashi mai natsuwa ya zauna da shi ya naɗi muryarsa a waya yana bayanin yadda yake yi: wa yake fara gani, me ya sa yake jin kowane ɓangare shi kaɗai kafin ya haɗa su, yaushe yake barin magana ta kwana, yaushe yake cewa wannan ta fi ƙarfin zaure sai hukuma. Ku haɗa shi da matasa biyu, namiji da mace in ya dace, su riƙa raka shi. In ya amince sunansa ya wuce unguwa, Kaduna na da hukumar zaman lafiya tun 2017, Filato na da tata tun 2016, ana iya rubuta musu ta hannun hakimi.

Bayan kamar wata uku, waɗanda suka je neman izininsa su koma. Su tambaye shi ko wani ya canza masa fuska tun ranar taron, ko an yi masa barazana, ko masu kawo ƙara sun ragu. In akwai matsala, mai unguwa da liman da fasto su ji a ranar, su san matakin da za su ɗauka tare. Sauran sunayen da kuka tattaro ba a kai gare su ba, sakatare ya ajiye su a littafin ƙungiya tare da sunan wanda ya kawo kowanne, domin kwamitin baɗi ya fara daga nan.