Must ko should: yadda nake raba wa ɗalibaina su

Ƙanena ne ya kawo min wasiƙar neman hutu da zai kai wa ogansa, wai in duba masa. Layin farko: "You must approve my leave." Na ce masa, kai Malam, wa ke biyan wani albashi tsakaninku? Shi a ransa roƙo yake yi, bai san umarni ya rubuta ba.

Darasin Turanci na yamma nake koyarwa a Unguwar Rogo nan Jos, yawanci masu shirin WAEC da JAMB, kuma wannan tuntuɓen ba na ƙanena kaɗai ba ne. Da na gaji da zana jadawali a allo, sai na koma ga abin da kowa ya sani tun Islamiyya: wajibi, mustahabbi, haram, da abin da aka bar maka zaɓi.

Must da have to su ne wajibi, wato dole. Ɗan bambancinsu shi ne inda dolen ta fito. In kai ne kake ɗora ta, a kanka ko a kan wani, must ya fi dacewa. In daga waje aka ɗora maka, have to: "I have to be at Terminus by seven", don mai shago ne ya yanka lokacin. Must ba ya komawa baya, in maganar jiya ce sai had to. Kuma don Allah a daina "must to", babu ita.

Should shi ne "ya kamata", shawara ce. A sanyin Disamba ka ga yaro da 'yar shimi, "You should wear a sweater." Ought to ma'anarsu ɗaya, sai dai shi yana tafe da to ɗinsa. Kwatancen mustahabbi bai cika cif a nan ba, don wanda ya ƙi bin should yana iya shan faɗa, amma yana taimaka wa yara su riƙe.

Inda ake faɗawa rami shi ne korewa. Tunda must da have to kusan abu ɗaya ne, sai a ɗauka mustn't da don't have to ma haka suke. Ina! Mustn't haram ne, "kada". Don't have to kuwa "ba dole ba ne", in ka ga dama. A ce mai kemis a Farin Gada ya miƙo maka magani ya ce "You mustn't take it on an empty stomach", to kada ka kuskura ka sha ba ka ci komai ba. Da don't have to ya ce, zaɓi ya bar maka. Nakan sa ɗalibai su fassara jimlar da Hausa tukuna: "kada" ta fito ko "ba dole ba"?

Had better kuma "gara ka" ne mai gargaɗi a ciki, akwai "in ba haka ba" a ɓoye. Duk da had ɗin, maganar yanzu ce. Ba a faɗa wa babba.

Ƙanen nawa ya so ya mayar da must ɗinsa should. Na ce ita ma ta yi nauyi, ba ka ba oga shawara kan hutunka. Abin da muka rubuta shi ne "I would be grateful if you could approve my leave", ya ninke takardar ya tari keke.